Almakashin Hukuma da Kukan Marasa Rinjaye

A watan Satumban 2020 wasu hotuna suka fara yawo a wayoyin mutane. Pete Edochie ne, dattijon 'yan wasan Kudu, cikin rawani da shigar da duk wanda ya gani sai Sheikh Ibrahim Zakzaky ya faɗo masa a rai. Fim ake ɗauka mai suna Fatal Arrogance. Mabiya Harkar Musulunci da Zakzaky yake jagoranta, waɗanda aka fi sani da 'yan Shi'a, suka kai koke ga Sufeto Janar na 'yan sanda da Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa. Suka ce an shirya fim ɗin ne don a shafa musu baƙin fentin ta'addanci, a kuma wanke abin da ya faru a Zariya a Disamban 2015, inda gwamnatin Kaduna da bakinta ta ce an binne gawa 347 a rami ɗaya. Edochie kuwa ya fito ya ce ana yi masa barazana, alhali shi ɗan wasa ne, aiki aka ba shi ya yi.

Ga mutumin Suleja wannan ba labarin nesa ba ne. Daga garin nan masu tattakin Arba'in suka kama hanyar Abuja a Oktoban 2018, aka yi arangama da sojoji a Zuba, aka rasa rayuka. Waɗanda suka rubuta koken nan suna da 'yan'uwa a unguwanninmu, muna haɗuwa da su a kasuwa da wurin jana'iza. Kuma abin da suka nema ya tono tambayar da kowane ɓangare a ƙasar nan ya taɓa yi a ranar da abin ya zo kansa: idan fim ya taɓa addinin mutanen da ba su da yawa, gwamnatin da ta ce ba ta da addinin hukuma ta hana shi fita, ko ta bar shi?

Suleja wuri ne da ya dace a yi wannan muhawara, domin a nan kowa mai rinjaye ne ta wata fuska, kuma marar rinjaye ta wata. Masarauta ce ta Musulmi da Abu Ja ya kafa a 1828, a ƙasar da Gbagyi da Koro suke zaune tun kafin zuwan Zage-zagi. Jihar Neja na cikin jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a a 2000. Amma tun da aka kafa sabon babban birnin tarayya a gefenmu, garin ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina, har ta kai ranar Lahadi da safe hanyar Madalla takan cika da masu zuwa coci kamar yadda titunan cikin gari suke cika ranar Juma'a. Kiristan Suleja marar rinjaye ne a Minna. Musulmin Suleja marar rinjaye ne a idon mai shirya fim na Legas ko Asaba. Ɗan Shi'a marar rinjaye ne a cikin Musulmi. Mai addinin gargajiya kuwa ba a ma ƙirga shi.

Doka ba ta yanke maganar ba, ta dai ba kowane ɓangare abin riƙewa. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Sashe na 38 ya ba da 'yancin addini, na 39 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, sai na 45 ya ce ana iya taƙaita su saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyya ko kare haƙƙin wasu. Tace fim kuma yana cikin abubuwan da tarayya da jiha duka suke da hurumi a kai. Shi ya sa ake da hukumar ƙasa da aka kafa a 1993, kuma Kano ta kafa tata a 2001. Dokar hukumar ƙasa ta umarce ta da kada ta amince da fim ɗin da zai hura wutar rikicin addini ko ƙabila.

Masu cewa a hana suna da hujja mai nauyi, kuma ban ga dalilin raina ta ba. Suna cewa a ƙasar nan magana tana kisa. A Nuwamban 2002 'yan layuka a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya sun jawo tarzomar da ta ci fiye da mutum 200 a Kaduna. Mu a nan mun ga bam a ofishin hukumar zaɓe ranar 8 ga Afrilun 2011, sannan ranar Kirsimetin shekarar aka tayar da wani a cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla, gomman mutane suka mutu suna fitowa daga ibada, har aka sa ƙaramar hukumar Suleja cikin dokar ta-ɓaci. Ba fim ne ya jawo waɗannan ba, amma wanda ya wanke jini a ƙofar wurin ibada ba ya wasa da duk abin da zai koya wa matasa cewa maƙwabcinsu abokin gaba ne. Rigakafi ya fi magani, in ji su, kuma gwamnatin da ta ga hayaƙi ta naɗe hannu har wuta ta tashi ta ci amanar waɗanda aka ba ta tsaro.

Hujjarsu ta biyu ta fi wannan ƙarfi a wurina. Mai rinjaye ba ya buƙatar hukumar tace fim. Yana da kasuwa: idan ya ƙaurace wa fim, fim ɗin ya mutu. Yana da gidajen rediyo da mumbarori da 'yan majalisa. Marar rinjaye ba shi da ko ɗaya. Idan aka shekara goma ana nuna Bahaushe a finafinan Kudu a matsayin maigadi marar wayo, ko duk mai rawani a matsayin mai ɗauke da bam, matafiyin Arewa ne zai ɗanɗana kuɗarsa a tashar mota a Onica. Idan kuma aka shekara goma finafinanmu na Hausa suna nuna duk wanda ba Musulmi ba a matsayin mashayi ko jahilin da labarinsa ba ya kyau sai ya musulunta a ƙarshe, yaron Kirista Bahaushe ne zai sha tsokana a makaranta. Irin waɗannan mutane wa za su kai wa kuka in ba hukuma ba? A wannan fahimta, rashin ɗaukar addinin hukuma bai nufin gwamnati ta toshe kunne. Yana nufin ta zama alƙalin da ƙarami zai iya tsayawa gabansa.

To, sai dai a duba yadda alƙalin ya yi aiki a zahiri.

A Yulin 2024 'yar wasa Nancy Isime ta saki hotonta cikin niƙabi riƙe da bindiga, daga wani fim mai suna Blood Brothers. Ƙungiyar Musulmi ta MURIC, ta Farfesa Ishaq Akintola, ta nemi a haramta shi. Cikin 'yan kwanaki hukumar ƙasa, ƙarƙashin Shaibu Husseini, ta fito ta ce ba a ma kawo mata fim ɗin ba tukuna, amma ta tuntuɓi masu shi. A Disamban 2025 ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi Allah-wadai da sunan fim ɗin Ini Edo, A Very Dirty Christmas. Hukumar da ta riga ta amince da fim ɗin da sunansa sai ta dawo ta nemi a gyara sunan. Dukkan ɓangarorin biyu sun ji zafi na gaskiya, ban musa ba. Matar da take sa niƙabi tana tsoron ranar da za a hana ta shiga banki saboda wani fim, kuma Kiristan da ya ga an haɗa ranar haihuwar Almasihu da ƙazanta yana da haƙƙin ya ce bai yarda ba. Amma Musulmi da Kirista a Nijeriya kowannensu miliyoyi ne masu yawa. Hukuma ta ji su da sauri ne saboda muryarsu tana girgiza ƙasa.

Ɗan Shi'an da ya kai koke a 2020 kuwa, ƙungiyarsa gwamnatin tarayya ta haramta ta tun Yulin 2019. Ga hukumar wannan gwamnati aka ce ya kai kukansa, kan fim ɗin da yake ganin yana kare sojojin wannan gwamnati. Ko mutum bai yarda da aƙidarsu ko hanyarsu ba, ya san wannan ba tsayuwa gaban alƙali ba ce. Masu addinin gargajiya su ma haka. Shekara nawa finafinan Kudu da na Arewa suna nuna mai bautar gargajiya a matsayin matsafi mai shan jini, ɗan bori a matsayin abin dariya, Bamaguje a matsayin wanda bai san komai ba sai burkutu? Tsohon da ke wani ƙauyen Gbagyi a bayan Dutsen Zuma, mai riƙe da al'adar kakanninsa, ba shi da sakataren yaɗa labarai. Sau ɗaya da irin wannan kuka ya yi tasiri sosai shi ne na Gangs of Lagos a 2023, lokacin da 'yan asalin Isale Eko suka ce an mayar da dodon Eyo rigar 'yan daba. Su ma sun samu shiga ne don suna da manyan lauyoyi da goyon bayan gwamnatin Legas. Hukumar ƙasa a lokacin cewa ta yi dokarta ba ta kai ga finafinan intanet ba. A kotu aka ƙare, aka sasanta a 2025 bisa sharaɗin masu fim su nemi afuwa.

Wannan shi ne inda hujjar masu cewa a hana take karyewa. An ba hukuma almakashi da sunan kare ƙarami, sai ga shi tana awo da mudu biyu, babba ga mai yawan jama'a, ƙarami ga wanda ba a tsoronsa. Abin da take aunawa shi ne girman fitinar da za a iya tayarwa. Kuma kowa ya gane darasin: in kana so a saurare ka, nuna za ka iya hana gari barci. Tsarin da aka gina don hana tarzoma ya koma yana ba mai barazanar tarzoma lada.

Akwai kuma abin da ake asara wanda ba a gani, domin fim ɗin da aka yanka ba ya kuka. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka yi da Hausa aka ɗauka a Taraba, labarin wasu 'yan mata Fulani ne da 'yan tayar da ƙayar baya suka afka wa ƙauyensu. Kafin hukumar ƙasa ta amince da shi sai da aka cire kusan minti 24, galibi wuraren da suka taɓa addini. Wannan fim ɗin ne Nijeriya ta tura gasar Oscar, kuma Maryam Booth ta ci kyautar AMAA a 2020 saboda rawar da ta taka a ciki. Niyyar hukuma ita ce kada a ɓata wa Musulmi rai. Amma su waye mafi yawan waɗanda Boko Haram ta kashe ta raba da gidajensu? Musulmin Arewa maso Gabas ne. Idan aka hana nuna yadda ake amfani da sunan addini a yaudari yaro, an kare martabar wa? Uwar da aka sace 'yarta ta fi kowa buƙatar a faɗi labarin yadda yake.

Kano ta nuna mana inda hanyar take kaiwa idan aka bi ta da nisa. An dakatar da harkar fim baki ɗaya a Disamban 2000, aka dawo da ita ƙarƙashin hukumar tacewa a shekarar da ta biyo. Bayan wani abin kunya da ya taso a harkar fim a 2007 aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka shiga kame. Adam A. Zango ya yi zaman gidan yari a shekarar. A ƙarshen 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Hamisu Lamido Iyan-Tama ɗaurin wata 15 kan zargin sakin fim ba da izinin hukumar ba da rashin rajistar kamfani. Fim ɗin da ake magana a kai, Tsintsiya, kira ne ga zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai. Ya yi watanni a tsare kafin ya samu fita. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai sun yi ca. A Mayun 2025 hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda ba a kawo su tacewa ba. Mutanen Kano da yawa suna goyon bayan hukumarsu, kuma suna da dalili: iyaye ne masu tsoron abin da 'ya'yansu suke kallo. Amma duk wanda ya karanta wannan tarihi zai ga hukuma ce ta kare tarbiyyar masu rinjaye. Mai son a kwafo tsarin a kawo Neja da sunan kare kowa da kowa sai ya fara gaya mana kujerar da za a ba mutumin Madalla da ta tsohon ƙauyen Gbagyi, da kuma abin da zai faru ranar da kukansu ya ci karo da na malamin da ke da dubban mabiya.

Ba na ganin wannan tsoro a matsayin zato kawai. A Agustan 2025 Gwamnan Neja Umar Bago ya ba da umarnin rufe gidan rediyon Badeggi FM a Minna, a watan da ya biyo baya kuma ya ce masu wa'azi su riƙa kawo huɗubarsu a duba kafin su hau mumbari. Malamai da yawa da suka saba kiran a tace 'yan fim sun ji abin a jikinsu a ranar. Hujjar gwamna ita ce dai hujjar da ake kafawa kan fim: tsaro da zaman lafiya. Ikon da aka miƙa wa gwamnati don ta yi maganin wanda ba ka so ba ya tsayawa a kansa.

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya muna da abin dubawa a can, domin ita ma ƙasa ce da tsarin mulkinta bai ɗauki addinin hukuma ba. A 2006 Kiristocin Indiya, waɗanda ba su kai kashi 3 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, sun yi bore kan The Da Vinci Code. Hukumar tacewa ta Indiya ta bar shi ya fita ga manya kawai, da sanarwar cewa ƙagaggen labari ne. Wasu jihohi, irin su Andhra Pradesh da Tamil Nadu, suka haramta shi, manyan kotuna kuma suka soke haramcin. A 2013 ƙungiyoyin Musulmi sun koka kan Vishwaroopam na Kamal Haasan, gwamnatin Tamil Nadu ta dakatar da shi, aka zauna aka daidaita kan wasu wurare da za a gyara, sannan ya fita. Tun 1989 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa barazanar zanga-zanga ba dalilin danne fim ba ce, aikin gwamnati ne ta kare mai magana. Indiya ba ta warware matsalarta ba, Musulminta har yau suna kuka da finafinan da ke zana su a matsayin maƙiya. Abin da nake ɗauka daga can shi ne akwai ƙofofi da yawa tsakanin a hana da a ƙyale, kuma akwai kotun da ke tambayar gwamnati dalilinta.

Ga inda na tsaya. Akwai bambanci tsakanin fim ɗin da ya ɓata maka rai da fim ɗin da ya sa rayuwarka cikin haɗari. Wanda ya kira a kai wa wasu mutane hari, ko ya ƙaga wa wata al'umma sananniya laifin da zai sa a far mata, wannan hukuma ta tsayar da shi, ko masu kukan mutum goma ne. Wanda kuwa ya nuna malami mayaudari, ko fasto macuci, ko ɗan fashi da ya ɓuya cikin shigar mutanen kirki, ko ya faɗi tarihi ta fuskar da ba ta yi mana daɗi ba, maganinsa a sa masa iyakar shekaru, a rubuta gargaɗi, a ba waɗanda abin ya shafa dama su mayar da martani, su ƙaurace masa in sun so. Na san akwai abin da zuciyar mai imani ba ta ɗauka, musamman taɓa Annabawa, kuma ni ma ba na ɗauka. Amma a nan ma abin da ya fi aiki shi ne sanin ya kamata na mai shirya fim. Moustapha Akkad ya yi The Message a 1976, ya nemi shawarar malaman Azhar, bai nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ko sau ɗaya, kuma gidajen Hausawa da yawa sun kalli fim ɗin cikin girmamawa.

Masu cewa a hana za su ce layin da na ja yana da wuyar gani, kuma gaskiyarsu ne. Fatal Arrogance a wane gefe yake? Mai fim zai ce labari ne, ɗan Shi'a zai ce share fagen sake zubar da jininsa ne. Ba ni da amsar da za ta gamsar da su duka. Abin da nake nema shi ne a yanke irin wannan a fili: a kalli fim ɗin gaba ɗaya, ba hoto ɗaya a Facebook ba, a saurari ɓangarorin biyu, hukuma ta rubuta dalilinta da sashen dokar da ta dogara da shi, wanda bai gamsu ba ya tafi kotu. Yanzu abin da ake yi sau da yawa shi ne wayar tarho daga sama da sanarwar manema labarai.

Kuma lokaci yana ƙure wa almakashin kansa. Shiga kasuwar IBB a Suleja ka tsaya a shagon masu tura finafinai. Saurayi ne zaune gaban kwamfuta, wayoyi jere a kan teburi kowace da igiyarta, lasifika na tashi da muryar mai fassarar fim ɗin Indiya. Yarinya ta miƙo katin waya ta ce a sa mata sabon zangon Labarina, mai gyaran babur ya ce shi na yaƙi yake so, wata mata da ta fito daga coci ta tambayi finafinan Kirista na Mount Zion. Babu mai tambayar takardar hukuma, kuma abin da ba a samu a nan ba yana YouTube. Fim ɗin da aka ce an hana shi ne ake fara nema. Iko na gaske da ya rage wa hukuma yana kan gidajen sinima da tashoshin talabijin da masu shirya fim da ke da ofis da adireshi, wato waɗanda suka fi kowa sauƙin zama a yi magana da su. Mai yanka bidiyon ƙiyayya na minti biyu ya watsa a WhatsApp ba ya kai wa kowa aikinsa a tace, kuma shi ne ya fi kusa da tayar da unguwa.